Wadda Ta Cire Takalmanta Saboda 'Yata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha bakwai ga watan takwas na shekarar 1999, Allah Ya karɓi ran Ummuhani 'yar Alhaji Sharu a gidan mahaifinta da ke Doka, bayan zazzaɓi na kwana biyar. Shekarunta ashirin da uku. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama jami'a a Gadarif, babban birnin yankinmu.

Labarin bai iso mu a Mafaza ba sai bayan kwana tara. Damina ta rufe hanya tun farkon wata, lori ba ya shiga ba ya fita, sai tiraktar Gado da ke ratsa laka ta je Gadarif ɗauko mai. Shi ya kawo takardar a naɗe cikin leda. Kafin ta zo hannuna, Ummuhani, an yi miki wanka, an kai ki, an yi sadakar uku, an naɗe tabarmin makoki. Ni kuwa duk kwanakin nan ina ambaton sunanki cikin masu rai idan na idar da salla.

Na so in zo gaisuwa. Na ɗaura zane na je bakin gari sau biyu, na tsaya ina kallon baƙar ƙasar nan da ke kama ƙafa har gwiwa, na dawo. Gado ya ce ba zai ɗauki mace mai shekaruna a bayan tirakta ba, ko rabin hanya ba zan kai ba. Shi ya sa na zauna nake rubutu. Hannuna bai saba da alƙalami ba, don sai da na wuce arba'in da biyar na fara gane baƙi a ajin matan unguwarmu. Amma akwai abin da ya kamata iyayenki su sani game da ke, kuma akwai laifin da na yi miki wanda ban taɓa neman gafararsa ba.

Sunana Hanatu. Atika ce autata, ita ce yarinyar da aka ba ki ki kula da ita lokacin da ta shiga jami'a bara.

Ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, maƙwabta sun shigo taya ni murna, ni kuwa fargaba nake yi. Ina da dalili. Ɗana na fari ya ci jarrabawa da kyau a zamaninsa, aka ce ya kawo takardar jinsiyya, wato shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Shekara biyu yana zarya. A tambaye shi inda aka haifi kakansa, ya kawo shaidu, a ce ya kawo wasu. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa can yamma zai je Makka, ya tsaya a bakin kogin Rahad ya yi noma don ya sami guzuri, a nan aka binne shi, a nan aka haife mu duka. Wannan bai wadatar ba. Yaron ya gaji ya bari, yanzu yana yankan riɗi a gonakin mutane. Mahaifinsu ya rasu da wannan baƙin cikin. Takardar Atika ta fito ba da wahala sosai ba, amma ban yarda da ita ba. Gani nake ranar da wani ya ji ta yi Hausa, ranar zai ce a sake dubawa.

Saboda haka na zaunar da ita na yi mata kashedi. Na ce a can ba ta jin Hausa, ba ta san mai jin Hausa ba. Larabcinta ya fi nawa tsabta, ba mai gane ta da shi. Na buɗe akwatinta na cire daddawa da kukar da yayarta ta sa mata, don kada wari ya tona ta. Na sa ta rantse. Yarinya ce mai biyayya, ta rantse.

Ni na raka ta ranar rajista, a watan goma, hanya ta bushe ke nan. Na tsaya a baranda na ja bakina na yi shiru, don nawa Larabcin ko yaro ya ji ya san inda na fito. Layi ya yi tsawo, 'yan mata sun fi hamsin. Da aka zo kan Atika, ta isa ƙofar ofis, sai ta sunkuya ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ta shiga, ta durƙusa har ƙasa ta gai da dattijon da ke bayan tebur, kamar yadda na koya mata tun tana shekara uku. Mutumin ya miƙe yana leƙen ƙasan tebur, ya ɗauka wani abu ne ya faɗi. Layi ya kwashe da dariya. Na ji wata tana cewa, “Barluma ta ɗauka masallaci ne.” Barluma suke ce wa sabuwar ɗaliba idan za su yi mata ba'a.

Ban iya motsi ba. Duk abin da na ɓoye, ga shi a ƙofa an ajiye kowa yana kallo.

A nan na fara ganinki. Doguwa, da farin mayafi, an maƙala miki takarda a ƙirji, alamar kina cikin tsofaffin ɗaliban da ke karɓar sababbi. Kika taho ba gaggawa, kika cire naki takalman, kika jera su kusa da na 'yata. Kika juya kika ce wa layin da Larabci, “Ita kaɗai ce ta ga an wanke ɗakin nan da safe. Ku dubi ƙafafunku.” Suka duba. Wadda ke biye da Atika ta cire nata. Ta bayanta ma ta cire. Har aka tashi rajista ranar, takalma ne jibge a ƙofar ofis, masu zuwa daga baya sun ɗauka doka ce.

Da Atika ta fito, kika matsa kusa da ita kika ce a hankali, da Hausa, “Sannu da zuwa, ƙanwata. Daga wane gari?” Ta dube ni. Na kafe ta da ido. Ta ce miki da Larabci, “Ban gane abin da kika ce ba.” Kika waiwayo kika gan ni, kika ɗan rusuna kika ce, “Sannu da hanya, Inna.” Na juya fuskata wajen bishiyar dalbejiya kamar ba da ni kike ba.

Wannan ne laifina. Kin rufa wa 'yata asiri a gaban mutum hamsin, ni kuma na ƙi amsa gaisuwarki.

Sauran labarin daga bakin Atika na ji, sannu a hankali, bayan watanni. Ta ce ke kika je kika roƙi a sa sunanta cikin 'yan mata shidan da za ki riƙe. Ta ce daga ranar ba ki sake yi mata Hausa ba, ko kalma ɗaya. Da Larabci kika nuna mata ɗakin kwanansu da inda ake ɗiban ruwa, da lokacin da famfo ke ɗaukewa. Kika gaya mata malamin da ke rufe ƙofa da ƙarfe takwas daidai, da wanda ba ya son a tambaye shi sai ya gama. Kika ba ta littattafanki na shekarar farko. Da kika ga tana ƙoƙarin rubuta duk kalmar da malami ya faɗa har ta ɓata a tsakiya, kika zauna da ita kwana uku kina karanta mata shafi, tana rubuta abin da ya fi muhimmanci cikin layi biyar, kina yaga takardar idan ta wuce biyar.

Duk da haka yarinyar tana ƙarewa. Tsoron da na ɗora mata ya hana ta sakewa da kowa. Ba ta hira, don kada bakinta ya suɓuce. Ba ta barci mai nauyi, don wata ta ce mata tana magana cikin barci. Idan 'yan ɗakinsu sun zauna cin ful, dafaffen waken nan na ƙasar, da hantsi, sai ta ɗauki nata ta koma bayan gini. Jarrabawar gwaji ta farko ta faɗi biyu cikin huɗu. Ta ce ta taɓa haɗa akwatinta ta zauna a kansa tun azahar har la'asar, ta rasa inda za ta: gida ba ta iya dawowa ta dube ni, can kuma ba ta iya zama. Ni ina nan Mafaza ban san komai ba, ina gode wa Allah da dabarata ta yi aiki.

Kowace Juma'a bayan salla kina hura gawayi a bayan ɗakunan kwana ki tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, duk mai so ta zo. 'Yan garin Kassala suna zuwa, 'yan kudu suna zuwa, har wadda ta yi maganar masallaci tana zuwa da kwanonta. Ƙanshin daddawa yana shiga ta tagar Atika. Juma'a bakwai tana rufe tagar. Ta takwas kika zuba a kwano, kika ajiye a ƙofarta, kika ƙwanƙwasa kika tafi. Ta ce ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ci, tana ci tana kuka, ta wanke shi, ta zo inda kike cikin mutane ta durƙusa ta miƙa miki, ta ce, “Na gode, Yaya.”

Kika karɓa kika ce, “Ashe kunnen ya warke. To zauna, ki faɗa mini wa ya fi iya miya, ni ko innarki.”

Ta ce, “Gishiri ya yi yawa, Yaya.”

Kika ce wa sauran da Larabci, “Wata biyu ba ta magana, da ta buɗe baki miyata ta fara zagi.” Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ba wanda ya tashi ya je ya kai ƙara ko'ina. Ba wanda ya nemi a sake duba takarda.

Bayan mako biyu Gado, wanda lori yake ja da rani, ya tsaya a ƙofar gidana ya miƙo mini wasiƙa. Ita ce wasiƙa ta farko da aka taɓa rubuta mini da sunana. Atika ta gaya miki ban daɗe da fara karatu ba, sai kika rubuta da Hausar ajami, da manyan baƙaƙe, kika sa wa kowane wasali, kika bar fili tsakanin layi da layi. Na yi yini ina karanta ta ni kaɗai, ban kira kowa ba. Kin ce Atika tana lafiya, tana cin abinci, ta ƙara ƙiba kaɗan. Kin ce ta karya rantsuwarta, amma laifinki ne, kada in yi fushi da ita. Na yi fushi. Na kwana uku ina fushi da ku duka biyu. Amma na ajiye wasiƙar a gwangwanin shayi, kuma da wata ya zagayo na sami kaina ina leƙen hanya idan na ji ƙarar lori. Guda bakwai ne a gwangwanin yanzu.

Sau ɗaya kika zo Mafaza, a hutun tsakiyar shekara, cikin zafin watan uku. Kika kwana biyu. Na yanka miki kaza ina jin nauyinki, ina jiran ki tayar da maganar baranda. Ba ki tayar ba. Muna zaune a rumfa kina taya ni tsince wake, na ce miki ke yarinya ce, ba ki san abin da takarda ke yi wa mutum ba. Kika ce kin sani, wanki ma ya yi zarya irin ta ɗana. Na ce to me ya sa kike tallan kanki kowace Juma'a?

Kika ce, “Inna, na gwada ɓoyewa a shekarata ta farko. Ba wanda na yaudara sai kaina. Ke ma kin kulle mata baki, kin manta da gwiwa.”

Na ce, “Ke dai ba ki da kunya.”

Kika ce, “Ita ce ta yi mini yawa, shi ya sa na cire takalmi.”

Da za ki tafi na riƙe hannunki a bakin lori na ce na ba ki amanarta har ta gama. Kika ce, “Na karɓa, Inna, amma baɗi nake gamawa. Kafin nan sai ta iya riƙe wata.” Raina bai so wannan maganar ba. Na so ki ce mini har abada. Na saki hannunki, lori ya tashi, ban sake ganinki ba.

Atika ta ci jarrabawar ƙarshen shekara duka, ta dawo hutu kafin ruwan farko. Tana tsakar gida tana wanki ranar da Gado ya kawo takardar. Ni na karanta, don sunana ne a bayanta. Na karanta sau uku ina fatan ni ce ban iya ba. Da na gaya mata, ta zauna a ƙasa cikin ruwan sabulu. Ni kuwa ban ko rarrashe ta ba. Na shiga ɗaki na kulle akwatinta, da littattafanki a ciki, na ɗaure makullin a bakin zanena. Na fito na ce mata ba za ta koma ba. Na ce saboda ke na bar ta, ke kuma ba kya nan.

Ba ta yi mini musu ba. Da ma ta yi. Kwana goma sha ɗaya muna cikin gida ɗaya, ruwa yana zuba, kogi ya cika ya taɓa gonakin bakinsa, ba inda za mu. Tana dafa abinci, tana share ɗaki, tana gaishe ni da safe a durƙushe. Idan na motsa makullin yana bugun cinyata. Na ga ta fara ɗaukar kwanonta tana komawa bayan ɗaki ta ci ita kaɗai, na gane abin da take yi a can kafin ki ajiye mata tuwo a ƙofa, sai dai yanzu a gidan uwarta take yi.

Na yi ta kawo wa kaina hujja. Na ce birni ne, na ce nesa ne, na ce idan ta kwanta ciwo wa zai duba ta. Sai takardar rasuwarki ta riƙa dawo mini. Ba a birni kika rasu ba, Ummuhani. A Doka kika rasu, a ɗakin mahaifiyarki, tana riƙe da kanki, laka ta hana a fita da ke kamar yadda ta hana ni zuwa. Wace uwa ce ta fi taki tsaro? Duk da haka ban kwance makullin ba. Tsoro ba ya jin hujja, na daɗe da sanin haka game da kaina.

Shekaranjiya da hantsi Mairama ta shigo, matar Tsoho mai kamun kifi, daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Laka har ƙugunta, takalmanta a hannu. 'Yarta Atine ta sami shiga jami'a bana. Ta ce ta ji akwai wata yarinya 'yar Doka da ke riƙe namu a can, ta zo in haɗa su. Na gaya mata. Ta yi salati. Sannan ta matso ta rage murya, ko da yake ba kowa sai mu, ta ce, “Yaya Hanatu, to ni dai na riga na gaya mata kada ta yi Hausa a can. Na sa ta rantse. Ko ba haka kika yi ba?”

Na dube ta. Fuskata ce ta bara, har yadda take murza bakin mayafi.

Atika tana bakin murhu, ta ji komai. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Inna Mairama, famfon can ƙarfe bakwai yake ɗaukewa. Ki gaya mata ta riƙa tashi da wuri.” Ta ƙara da cewa, “Kuma akwai malami mai rufe ƙofa.” Ta ci gaba da fifita wuta.

Bayan Mairama ta tafi na ɗauko gwangwanin na sake karanta wasiƙarki ta ƙarshe, wadda ta zo da lorin ƙarshe kafin hanya ta rufe. A ƙasanta kin rubuta cewa kin ba da sunan Atika ta tsaya tare da ke a ƙofar ofis ranar rajistar bana. Na karanta wannan layin a watan bakwai na wuce shi, don ban so in gane ba.

Jiya na kwance makullin. Ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Na miƙa mata, ta karɓa. Kada iyayenki su ɗauka na warke. Har yanzu idan na tuna watan goma tsoro yana dawo mini, kuma na san ranar da lori zai tashi da ita zan tsaya a bakin gari har ƙurarsa ta kwanta, in dawo in fara jiran wasiƙar da ba ke za ki rubuta ba. Amma za ta koma. Atine za ta bi ta. Da hannuna na daka daddawa na ƙulle a leda biyu, na sa a saman kayan inda duk wanda ya buɗe zai ji.

Alhaji Sharu, Hajiya, ban san ku ba, ba ku san ni ba. Ina yi muku ta'aziyya, da 'yan'uwanta maza da mata, da 'yan mata shidan da ta riƙe, da duk wadda ta taɓa cin tuwonta na Juma'a. Kun haifi yarinya wadda ta ga an kunyata 'yar wani ta ɗauki kunyar ta raba wa mutum hamsin har ta zama ba komai. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya sa ta cece ku ranar da ba mai ceto sai da izininSa. Idan ƙasa ta bushe zan zo Doka da ƙafata in durƙusa a gabanku.

Ya Allah, Ka ji ƙan Ummuhani. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta shiga wurin da ba ta san kowa ba, Ya Ubangiji. Ka sa a tarbe ta da sauƙi kamar yadda ta tarbi 'ya'yan mutane, Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa tawa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta, mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ummuhani, kin gaishe ni a baranda kin ce sannu da hanya, na juya miki baya. Ki yafe mini. Yauwa, 'yata. Sannu kadai.

Hanatu, mahaifiyar Atika
Mafaza